Yadda Kurege Ya Saci Kwatan Awa

Ga ta nan tafe, ku matsa ku ba ta wuri. Wannan ba a bakin kowa na ji ta ba, a jikina na ji ta, domin ni ne kuregen da ke ciki. Sunana Cindo. Za ku ji wasu na cewa ni ɓarawo ne, to ku tambaye su abin da na sata. Ban taɓa kwance akuyar kowa ba. Minti goma sha biyar na ɗauka, kuma ba a aljihun wani na same su ba.

A shekarar da damina ta yi gardama, manyan Dajin Marke suka haɗa ɗan abin da suka noma wuri guda, suka gina zauren ciyayya. Birai ke girki. Kafin rana ta take sai su jera tukwane, su fita ta baya su kulle. Ƙofar gaba kuwa ta ƙarfe ce, kwamfuta ke buɗe ta ƙarfe sha biyu daidai, ta rufe ta sha biyu da rabi, saboda da can an taɓa barin mabuɗi a hannun Ladidi kura, an kuma ga abin da ya biyo baya. Mu ƙanana aka ce mu jira abin da ya rage. To ku gaya mini, me giwa da kura za su rage? Ruwan wankin tukunya ake watso mana da la'asar, mu bi shi muna tsintar ƙanzo. Na rame har iska na neman ɗaukata, wutsiyata ce kawai ta rage mini abin taƙama.

Su ma manyan ba lafiya suke ci ba. Kowa yana da kwamfuta a gida, da ita yake duba lokacin tafiya zaure, amma babu biyu da suka yi baki ɗaya. Ta Gwaggo Tabawa, giwar da ke shugabancin zauren, tana gaba da minti bakwai, kullum sai ta zo ta tsaya cikin rana tana dukan ƙofa da haure. Ta Ladidi tana baya da minti tara, sai ta iso ta tarar an tsame naman miya, ta hau zagin wanda ya ci da wanda bai ci ba. Ɓauna na cewa tasa ce daidai, raƙumin dawa na cewa tasa daga birni aka kawo. Ni kuwa ina kan reshe ina kallo, cikina na kiran ciroma.

A nan ne dabara ta faɗo mini. Na taɓa yin shekara guda a silin wata makarantar kwamfuta a birni, ina gwiguyar wayoyi ina sauraron malami ta wata 'yar ɓula. Ilimina ke nan kaf, rabi na ji, rabi ƙarar fanka ta cinye. Amma da babu gara ba daɗi, kuma a Dajin Marke ko rabin nan babu mai shi.

Da gari ya waye na kifa ɓawon kwakwa a ka ya zama hular kwano, na ɗaura tabarau na gindin kwalba, na naɗe wutsiyata a ƙugu na rufe ta da wata tsohuwar riga mai aljihu huɗu. Tabaraun nan ko hanya ba na gani da shi, sau biyu ina karo da kututture kafin in kai gidan Gwaggo Tabawa.

Na yi sallama na ce, “Ranki ya daɗe, ni ne Injiniya Mai-Daƙiƙa. Agogon da ya hango ni shi ke fara gaishe ni. Na saita na jirgin ƙasa yana cikin gudu, na saita na jirgin sama ban sa ya sauka ba.”

Gwaggo ta sunkuyo tana neman inda maganar ke fitowa, da ƙyar ta gan ni a gindin ƙafarta. Ta sa aka tara manya. Na hau kan turmi na bayyana musu cewa kowace kwamfuta da ɗan agogonta a ciki, kuma ba agogon da ke tafiya daidai da ɗan'uwansa. Wani ya ƙara daƙiƙa biyu a yini, wani ya rage uku, in aka kwana biyu ba a kula ba sai su watse kamar awaki ba makiyayi. Maganin abin shi ne kowace kwamfuta ta riƙa aika tambaya ta intanet, lokaci bayan lokaci, zuwa ga wani agogo amintacce, ta ji ƙarfe nawa, ta gyara nata. Kuma akwai irin wannan agogon a kan Dutsen Zakara, wanda ke karɓar lokaci daga tauraron ɗan adam.

Gwaggo Tabawa ba wawuya ba ce. Ta tambaya, kafin amsa ta taso daga dutse ta iso gidanta, ai lokacin ya riga ya wuce. Na gyara hular kwano na ce kwamfuta tana lura da sa'ad da tambayarta ta fita da sa'ad da amsa ta dawo, sai ta raba tsawon tafiyar biyu, ta ƙara rabin a kan abin da aka gaya mata. Raƙumin dawa ya gyaɗa kai daga can sama kamar ya gane. Duk wannan gaskiya ne, kuma shi ya fi ba ni takaici in na tuna. Ranar da na fi kowace rana faɗin gaskiya a rayuwata, ƙarya na je shukawa.

A cikin saitin kowace kwamfuta akwai ɗan gurbi inda ake rubuta adireshin agogon da za ta riƙa tambaya. Na fara da ta ƙofar zaure, na rubuta mata adireshin Dutsen Zakara na gaskiya. Daga nan na bi gidajen manya ɗaya bayan ɗaya, a kowane gurbi ina rubuta wani adireshin daban. Na wata tsohuwar 'yar na'ura ne da na tsinto a juji, na jona ta da ɓallin sola, na girka ta a ramina, ƙarƙashin kuka, rami na uku. Ba wanda ya duba abin da nake rubutawa. Ladidi dai ta shinshina ni ta ce injiniyoyin birni ashe ba su da tsoka.

Kwana biyu na bar na'urata tana faɗin gaskiya. Manya suka riƙa isowa tare, ƙofa na buɗewa suna shiga, faɗa ya mutu. Gwaggo ta sa mini albarka, ta ba ni gyaɗa cikin tafi ɗaya ladan aikina. Na karɓa da hannu biyu ina godiya, a raina ina cewa ki riƙe abinki, tukunyar nake so.

Da farko na so in ja lokacin baya da yawa a tashi ɗaya, sai na tuna abin da malamin silin ya ce. Kwamfuta halin jaki gare ta, in ka fizge ta da ƙarfi sai ta tirje ta daina yarda da kai, in kuwa kana ja a hankali har kasuwa za ta bi ka. Saboda haka minti biyar kawai na rage.

Da gari ya waye na laɓe a bayan wata sabara kusa da zaure. Ƙarfe sha biyu ƙofa ta buɗe kanta, ƙamshi ya fito ya mare ni. Na duba gabas na duba yamma, ba kowa. Manya na gida suna hamma, kwamfutocinsu na ce musu da saura. Na taka wani ɗan dutse da ke bakin ƙofa na faɗa ciki. Jama'a, tuwon dawa ga shi nan mulmule-mulmule, miyar taushe har da tantaƙwashi, dambun zogale, faten kabewa, soyayyiyar gyaɗa ƙwarya guda. Na tsaya a tsakiyar zauren ni kaɗai na yi wa kaina kirari. Na ce, “Cindo na Marke, ɗan ƙarami mai ɗaure giwa ba igiya. Wasu da haƙori suke farauta, ni da minti nake yi.” Sannan na ci har na ji kunnuwana sun toshe. Inda na haƙa a tuwo na shafe shi da wutsiya, na fice kafin in ji takun kowa.

Minti biyar ba ta isar mai yunwar wata uku. Washegari na mayar da ita goma, jibi goma sha biyar. A nan na tsaya, ba don kunya ba, don dai in na wuce haka manyan ba za su sami abin da zai riƙe su ba, su kuma in yunwa ta kama su ba a san wanda za su fara da shi ba.

Ba a yi mako ba ƙorafi ya tashi. Kwamfutocinsu na cewa sha biyu da kwata sai ƙofa ta fara rufewa, kowa ya fito da gudu da loma a baki. Ranar Talata ta datse wa Ladidi bakin wutsiya. Aka zargi birai da rage mudu, birai suka yi ta rantsuwa har da kuka. Ladidi kuwa ta kafe a kan cewa akwai lauje cikin naɗi, domin inuwarta na shigewa ƙarƙashinta, cikinta na cewa rana ta take, kwamfuta kuma na cewa saura kwata. Aka ce a nemo Injiniya.

Na ɗauko rigar Injiniya, ta ƙi shiga. Na ja, na matse ciki, maɓalli biyu suka yi tsalle. Wato ƙibar da na yi ta sallami Injiniya Mai-Daƙiƙa daga aiki.

Da gari ya waye na shafe jikina da ƙaro, na yi birgima cikin gashin zabo, na fito a matsayin Malam Tsinkau, manzo daga Dutsen Zakara. Na gaya wa manya cewa Injiniya ya tafi gyaran agogon wata ƙasa, amma mu a dutse mun binciki maganarsu. Kwamfutocinsu lafiya lau suke, shi ya sa duk suka yi baki ɗaya. Rana ce ke sauri bana, saboda fari ya sa ita ma ta ƙosa ta koma gida. Ƙofa kuwa tunda a cikin rana take wuni, ƙarfenta ya ɗauki halin ranar. An aika birni a kawo kayan gyara, sai a yi haƙuri. Ɓauna ya ɗaga kai ya harari rana, ya ce dama shi ya lura.

Ladidi ta matso ta kafa mini hanci. Ta ce, “Malam, tsuntsun dutse ne kai kake ƙamshin miyar taushe?”

Gabana ya faɗi, amma bakina bai faɗi ba. Na ce, “Hajiya, ni na koya wa zakara cara, kuma duk gidan da na yi wa addu'a sai sun kawo sadaka. Albarka ce kike shinshinawa.”

Ta ja da baya tana lasar baki. Na tafi ina taku ɗai-ɗai irin na malamai, sai da na sha kwana na zura da gudu, gashin zabo na zuba a bayana.

Da na tsaya a nan, da yanzu wani labarin nake ba ku. Ɗan dutsen nan da nake takawa kullum in shiga zaure, wata rana na fito kumatuna cike da gyaɗa, sai ya yi magana. Ya ce, “Cindo, sannu da aiki.” Na yi tsalle har gyaɗa ta sarƙe ni. Ashe ba dutse ba ne, Iya Gambo ce, tsohuwar kififiya da ta yi shekara arba'in tana sharar ɗakin agogo a Dutsen Zakara kafin ƙafa ta gaza. Saboda rashin saurinta tun da hantsi take tasowa, ta zo ta kwanta a bakin ƙofa tana jiran ruwan wankin tukunya. Kwana goma sha ɗaya ina taka bayanta tana kallona.

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce ita ba ta da haƙori, ƙanzo ya fi ƙarfinta, in zan riƙa fito mata da ɓallin kabewa ɗaya a kullum, to ita ba ta ga komai ba. Ɓallin kabewa ɗaya, jama'a, a tukunyar da nake iyo a ciki. Amma ƙoshi ya riga ya hau mini ka. Na goge baki na ce, “Iya, wanda ya tsayar da rana ba ya raba tuwo da mai rarrafe. Je ki faɗa, mu ga wa za a gaskata, ke ko kwamfuta.”

Ta ce to. Ta juya ta kama hanyar gidan Gwaggo Tabawa, ni kuwa ina ta dariya ganin yadda take jan ƙafa. Kwana biyu ta yi a hanya, kwana biyun nan ban ko tuna da ita ba.

Abin da ya faru a can, daga baya na ji shi a bakin birai. Iya ta faɗi abin da ta gani, Gwaggo ta saurara, sannan ta ce kwamfutocin gari duka sun yi baki ɗaya, kuma a dokar zaure ba a kama kowa da shaidar mutum ɗaya. Iya Gambo ta ce, “Gaskiyarki, Tabawa. To ita kwamfutar taki, shaida nawa take ji?”

Aka buɗe saitin, aka ga adireshi ɗaya tal. Aka buɗe na Ladidi, shi ne. Aka buɗe na ɓauna, shi ne dai. Iya ta ce ai dole baki ya zo ɗaya tunda daga rijiya ɗaya kowa ke sha. Ta ce su a dutse ba a yarda kwamfuta ta dogara da agogo ɗaya, domin in ya ɓata ba mai gaya mata. Biyu ma ba su isa ba, in sun saɓa ba a san wanda za a bi ba. Sai an ba ta uku ko huɗu, ta tambaye su duka ta auna, wanda ya ware daga 'yan'uwansa ta ajiye shi gefe. Ta sa aka ƙara adireshi uku, na Dutsen Zakara, da na tashar mota, da na asibitin daji. Ladidi ta so a goge na farkon, Iya ta ce a bar shi ya yi magana da bakinsa. Gwaggo ta ɗora ta a baya suka zaga gidajen manya kaf kafin la'asar. Kwamfutocin suka ɗan saurara, suka gwada wannan da wancan, suka gyara kansu shiru. Ni ba wanda ya aiko mini.

Da gari ya waye na tashi da nishaɗi, na shafa na'urata na ce mata ta ci gaba da ƙoƙari. Tana ta ba da amsa kuwa baiwar Allah, ba ta san an daina jin maganarta ba. Sha biyu ƙofa ta buɗe. Na lura ɗan dutsena ba ya nan, na ce ta fi nono fari. Ran nan faten kabewa aka yi da gyaɗa, kuma tunda ina da kwatan awa a hannu, ban tsaya a bakin tukunya ba, ciki na shiga na zauna, fate har wuya.

Loma ta uku ke nan na ji ƙasa na girgiza. Na ce ko hadari ne. Sai zauren ya yi duhu, na ɗaga kai, na ga fuskar Gwaggo Tabawa ta rufe bakin tukunya. Ta naɗo kwamfutarta da hanci, Iya Gambo na zaune a kan wuyanta, Ladidi na gefe miyau na zuba.

Gwaggo ta juyo mini da allon. Layi huɗu ne a jere. Uku sun ce sha biyu da minti biyu. Na huɗu ya ce sha biyu saura minti goma sha uku, kuma kwamfuta ta buga masa alamar soke a gefe. Ta tambaye ni a hankali ko na san mai wannan adireshin, ƙarƙashin kuka, rami na uku.

Ko a nan ban saduda ba. Na miƙe a cikin fate na ce, “Ranki ya daɗe, ai ga shaida a gabanki. Agogo uku sun haɗa baki sun ware mai gaskiya. Ni ma binciken da ya kawo ni ke nan, ina auna zafin tukunya in ga ko shi ke sa ƙofa sauri.”

Iya Gambo ta leƙo daga sama ta ce, “Cindo, da gashin zabo a bayan kunnenka.”

Ladidi ba ta jira a yanke hukunci ba, ta zura kai ta cafko wutsiyata ta tsamo ni. Allah ya sa fate ya yi mini santsi. Na murɗe na zille, na bar mata rabin gashin wutsiya a baki. Ina dirowa muciya ta same ni a ka, ban san wanda ya jefo ba, amma ina zargin birai. Na bi ta tsakanin ƙafafun Gwaggo, ɓauna ya kawo ƙaho ya taimaka mini da tsallake dokin ƙofa fiye da yadda na yi niyya. Na faɗi, na mirgina, na tashi na ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Ƙafa kuwa ta ce ka ci da yawa, domin tumbin da na tara shi ya riƙa ja na baya. Ban nufi rami ba. Daga nesa na jiyo takun Gwaggo sau ɗaya a gindin kuka, na san na'urata ta gama ba da lokaci.

Sai da na ƙetare rafi biyu na tsaya, a wata gonar gyaɗa da aka riga aka cire aka yi kala. A nan nake har yau, ina tono ina samun ɓawo. Labari ya iso mini cewa zauren Marke yanzu kowa na isa a kan lokaci, kuma Gwaggo ta sa ana ɗebar wa ƙanana ƙwarya guda kafin manya su fara, Iya Gambo ce ke rabawa. Wato abin da na yi wa wahala kowa ya samu, ban da ni.

Masu wa'azi sun same ni, sun ce in tuba, ramin ƙarya ƙurarre ne. Na ce na ji. Amma na zauna na yi nazarin abin nan da kyau, ina dafe da ƙulun da ke kaina, kuma na gano inda na yi kuskure. Uku ne suka rinjayi ɗaya. Da tun farko na'ura huɗu na tsinto a jujin nan, na rubuta adireshi huɗu duka nawa, da yanzu Dutsen Zakara ne ke ɗauke da alamar soke, ni kuwa ina cikin tukunya.

Ƙurunƙus kan kusu, don nawa kan har yanzu a kumbure yake.